Buhu da Tiya Takwas

Ku da kuka san Kawu Sule kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya auna mutum. Kana cewa "Ina kwana, Kawu?" zai kanne ido ɗaya, ya dube ka daga hula har takalmi, sannan ya ce, "Tiya talatin. Lafiya lau." Da tiyar gero yake auna ɗan Adam, tiya arba'in buhu guda. Liman ma bai tsira ba. Ranar wata sallah, a gaban jama'a, ya ce masa, "Allah gafarta Malam, tiya ashirin da biyu, har da rawanin." Ni kuwa ɗan 'yar'uwarsa, malamin firamare mai mata da 'ya'ya biyar, buhu ne da tiya takwas. Shi ya sa har ya koma ga Allah bai ƙara kirana Habu ba. Buhu yake ce mini, ko a gaban ɗalibaina.

Ba da wannan hali aka haife shi ba, babur ɗin nan ne ya jawo. Da ya yi ritaya daga aikin malamin gona ya dawo ƙauyenmu kusa da Toranke, sai ga shi da wani tsohon babur mai ƙafa huɗu. Ya kai shi wurin mai walda a Gaya aka ɗaura masa bokitin ƙarfe a gaba. Ka danna maɓalli waya ta ɗaga shi, ka ja igiya ya kife ya zubar da abin da ke ciki. Kawu dai ludayi yake ce masa, kuma in ka ce bokiti sai ya yi kamar bai ji ka ba.

Ranar farko ya cika ludayin fal da taki, ya ɗaga shi sama don duk unguwa ta gani, ya zo ƙofar gida ya damƙe birki. Ƙafafun baya suka tashi, babur ya kifa da hanci, Kawu ya wuntsila cikin takin. Ya miƙe yana tofar da kashin awaki, ya ce wa masu dariya, "To mene ne? Ai da ma nan nake son zubawa."

Mai walda ya ce abin ba wuya, nauyi ya yi yawa a gaba, ya ɗaure buhun yashi a baya.

Kawu ya ce, "Buhun yashi ya san kwana? In na karkata hagu zai karkata dama? Ni buhu mai hankali nake so."

Ya waiwayo, idonsa ya faɗa kaina. Tun daga ranar, duk Asabar da Lahadi ina zaune a kan ƙarfen baya, hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a kan hulata, muna kai taki gona, muna cike ramukan hanya da burji. Kafin ya tada inji zai yi bisimilla, sannan ya ce, "Ludayi ƙasa, Buhu a baya."

Mutum ɗaya ce bai taɓa aunawa a fili ba, matarsa Inna Talatu, don ya san bakinta. Wata rana za ta biki Ajingi, Kawu da ba ya son kuɗin mota su fita daga aljihunsa ya shimfiɗa tabarma a cikin ludayi ya ce, "Bisimilla, Talatu."

"Malam! Ni za ka ɗiba a abin kwasar taki? Wallahi tallahi ba zan hau wannan abin ba har in mutu!"

Ta taka da ƙafa har bakin titi. Shekara shida in za ta wuce babur ɗin sai ta tattare zaninta.

Ana haka likita a Gaya ya ce jinina ya hau, sukari ma na leƙowa, in rage tuwo in bar maiƙo. Na ji tsoro, na bi. Kawu ne ya fara ganewa. "Buhu da tiya uku. Me ya same ka?" Bayan wata huɗu ya tsaya cak a ƙofar masallaci. "Buhu ba tiya shida! Wane likita ne wannan? Ka gaya masa aikin da kake yi?" Mutumin da ke raba goro ɗaya gida huɗu ya fara aiko mini da malmalar tuwo har da man shanu. Na mayar. Raina ya ɓaci, na je na same shi.

"Kawu, ni fa mutum ne, ba kayan babur ba ne."

"Ai shi ya sa nake lallashinka. Da kaya ne kai da tuni na ɗaure ka." Ya ƙara dubana, wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Ranar da za a neme ka, ba za a same ka duka ba."

Na yi dariya na tafi. Damina na zuwa ranar ta zo.

Kun san kududdufin bayan gidanmu. Tsakaninsa da gida jinga ce ta ƙasa, faɗinta da ƙyar babur ɗin ke bi. A gindin jingar rumbunanmu uku suke, geron da gidan gaba ɗaya zai ci har sabo ya nuna. A watan Agusta aka kwana biyu ana ruwa, rana ta uku ya sake tsugewa tun asuba. Da hantsi aka yi ihu jinga ta tsage. Da na isa, ruwa na bi ta wata kafa mai faɗin taku biyu, yana cin gefenta, ya riga ya kewaye duwatsun da rumbun farko ke kai. In ya kai gindin rumbu, shi ke nan, za mu ci bashi da ganye har kaka, mu ashirin da wani abu.

Maza suka tsallaka wancan ɓangaren suna jera buhunan ƙasa a bakin kafar. Mata na kawo ƙasa a kwano ta wannan ɓangaren, amma duk kwanon da aka juye sai ruwa ya lashe shi kamar gari. Sai na ji inji. Kawu ne, ruwa na zuba daga gemunsa, ludayi cike da jiƙaƙƙen burji.

"Hau!"

"Kawu, burjin nan ya sha ruwa, ya fi ƙarfina. Mu rage."

"In na rage ruwa zai tafi da shi. Hau, Buhu!"

Na hau. Bisimilla kawai ya yi, sauran maganar bai faɗa ba, kuma hakan ya ƙara tsorata ni. Muka bi saman jingar a hankali, ludayi na kusan goga ƙasa. Dama kududdufi ne ya cika ya batse, zurfinsa ya shanye mutum biyu a tsaye. Hagu gangara ce zuwa rumbuna. Taɓo na santsi, ina jin bayan babur na wutsil-wutsil a ƙarƙashina.

A bakin kafar akwai buhunan da aka jera, dole ludayi ya haye su kafin a zubar. Kawu ya danna maɓalli. Waya ta yi ƙara, ludayi ya fara tashi, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Sai na ji ƙarfen da nake zaune a kai yana ɗaga ni. Na leƙa, ƙafafun baya sun bar ƙasa suna juyawa a iska, kan babur ya karkata wajen ruwa.

"Ja igiya, Kawu! Zubar!"

"Ba a nan ba! Saura taku ɗaya!"

"Za mu faɗa!"

"Kwanta baya! Ƙara!"

Na kwanta har ƙeyata na kallon ƙasa. Ban isa ba. Wallahi a lokacin na tuna kowace malmala da na mayar. Mazan na wancan ɓangaren suna salati, ba hanyar da za su zo gare mu. Hannun Kawu na kan birki, in ya saki mun tafi, kuma ban iya ruwa ba, shi ma haka. Gefen jinga ya fara zaizayewa a ƙarƙashin ƙafar gaba.

Sai na ji ƙarar kwano ya faɗi a bayana. Wani hannu ya damƙi wuyan rigata, aka ce, "Matsa, ragon banza!" Wani nauyi ya sauko a kan ƙarfen har da rabin cinyata. Ƙafafun baya suka dira, tim!

Inna Talatu ce.

Kawu bai ko waiwaya ba. Ya saki birki kaɗan, babur ya matsa taku ɗaya, ya ja igiya. Burji ya rufta cikin kafar gaba ɗaya, ya zauna daram. Ruwa ya yi turus.

"Kada wanda ya sauka," in ji shi.

Sawu bakwai muka yi a haka, ni da Inna a baya, tana zaginsa tana salati, tana karkata duk inda ya ce. Kafin azahar kafa ta toshe. Ruwa ya tsaya yatsa huɗu ƙasa da gindin rumbu. Da na sauka, na zauna a taɓo.

Kawu ya kashe inji, ya kanne ido ɗaya ya dubi matarsa. "Buhu ba tiya biyu. Shekara shida ina riƙe da wannan lissafi a cikina."

"Allah ya isa, Malam. Ka sa na karya rantsuwa. Gobe zan fara azumi uku na kaffara."

"Azumi?" Ya diro daga babur kamar an tsikare shi. "A'a! Ciyarwa ce a gaba, ki tambayi Liman. A buɗe rumbu a ciyar da mutum goma. Kai, a ciyar da ashirin! Wannan ya lalace a hannun likita, ke ma so kike ki rame?"

Ran nan ne kawai aka ga Kawu Sule ya auna gero da hannunsa yana yi wa tiya tozo.

Bara ciwo ya kwantar da shi wata biyar. Ana gobe zai rasu na shiga gaishe shi, ya buɗe ido ɗaya da ƙyar ya ce, "Tiya talatin da uku. Ka ci abinci." Da za a kai shi makwanci, ni na kama makara ta baya, wurina na kullum. Na tattara ƙarfi na ɗaga, sai ta taso kamar ba kowa a ciki. Mutumin da ya auna gari guda bai kai tiya ashirin ba. A nan ne kuka ya ƙwace mini.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba Inna haƙuri. Ranar da za a auna shi, Ya Allah, Ka sa mizaninsa ya yi nauyi.