Ranar da na cire wa gitata ƙarafa

Shekara uku na yi ina kaɗa gita a ƙungiyar wani tsoho Baturke a Vénissieux. Duk Asabar da la'asar nakan bar ɗakina na ɗalibta a Villeurbanne, in je in tarar ya jera kujeru. Waƙoƙin ƙauyensu yake koya mana da kayan kiɗan Turawa, don su muke da su. Ni ke buɗe kowace waƙa ni kaɗai kafin sauran su shigo, kuma ba ƙaramin ji da kaina nake yi ba.

Abu ɗaya ke haɗa ni da tsohon. Akwai wani sauti da yake nema, wanda ya faɗa tsakanin ƙarafa biyu na wuyan gita. Ya rera shi da baki, in danna sama ya girgiza kai, in danna ƙasa ya girgiza kai.

Da ƙafata na kawo wanda ya ture ni, wani ɗan Maraɗi mai aikin sito da muka haɗu a masallaci. Bai san rubutun kiɗa ba sam, amma ya tashi a gaban kakansa mai goge. Ya ari biyolon, gogen Turawa marar ƙarafa a wuya, ya kafa shi a cinya, har na yi masa dariya. Tsoho ya rera, shi kuma ya zame yatsa, sautin ya fito ras. Mutumin da bai taɓa ce mini madalla ba, sai ga shi yana share ido.

Da aka gayyace mu wasa a Saint-Denis, wajen Paris, tsoho ya ce ɗan Maraɗi zai buɗe. Na yi kishi har abinci ya daina shiga.

A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ɗan Maraɗin ya ce, "Yaya, wallahi ban nema ba. In ce mishi ya bar maka?"

Na ce, "A'a, ça va, ba komai."

Tausayin nan ya fi komai ƙona mini rai.

Na ɗora wa ƙarafan gitata laifi. Ranar Lahadi da hantsi na ari awartaki wurin maƙwabci, na ciccire su ɗaya bayan ɗaya, na toshe ramukan da garin katako. Asabar na isa da wuri ina taƙama.

Tsoho ya jujjuya gitar, ya miƙo mini, ya rera. Na danna, ya girgiza kai. Na matsa, ya sake girgizawa. Sai ya ce in kaɗa farkon waƙar da na saba. Nan gumi ya karyo mini, don ko sautukan da na shekara uku ina kaɗawa ban san inda suke ba. Ashe ƙarafan ke yi mini jagora.

Ɗan Maraɗin ya miƙo hannu ya matsar da yatsana kaɗan, sautin ya fito a gaban kowa. Har yau ban yafe masa wannan kirkin ba.