Falanki a Bayan Mukarrama

A Makarfi, in ka bi ta bayan kasuwar rake ka ji kukan zarto, to shagon Tanko Kafinta ne. Shekara talatin da bakwai yana wurin. Asalinsa mutumin Likoro ne, noma ya guje wa tun yana saurayi, ya tafi Zariya ya koyo aikin katako. Ya dawo da zarto da guduma da wani hali da har yau bai sake shi ba: ba ya iya ganin abu a karkace ya yi shiru. In ya je gidan suna, kafin ya yi barka sai ya sanar da maigida cewa ƙofarsa ta kwanta hagu. Ya taɓa tsayar da mai a-kori-kura a hanyar Ikara don kawai ya gaya masa bodinsa ya goce. Rabin bencinan makarantun firamaren yankin daga hannunsa suka fito, kuma a faɗi gaskiya, har yau ba wanda ke rawa.

Abin dariyar shi ne Tankon da kansa ya ranƙwafa. Sunkuyo a kan katako ya lanƙwasa shi kamar lauje, amma duk garin ba mai gaya masa, shi kuma gwano ba ya jin warin jikinsa.

'Ya'yansa shida, biyar sun kama gabansu, saura auta Mukarrama. Ita ce mai kan karatu a gidan, kuma ilimin haɗa magunguna take so. Sau biyu tana zana jarrabawar shiga jami'a, wato JAMB, sau biyu maki yana gaza mata da kaɗan. Ranar da ta yi rajistar ta uku, ta gaya wa uwarta Talatu cewa in wannan ma ta ƙi, ta haƙura da boko, keken ɗinki za ta kama. Tanko yana alwala a gefe, ya yi kamar bai ji ba, amma maganar ta tsaya masa a ƙirji. Yana son karatun yarinyar nan fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa.

Saura wata guda jarrabawa, wuya ya kama ta. Tun yana tsami da yamma har ya gangaro kafaɗa, yatsun hannun dama suka soma yi mata kamar ana tsira allura. In ta zauna karatu minti ashirin sai ta miƙe idonta da ƙwalla, jarrabawar kuwa awa biyu ce cur a gaban kwamfuta. Talatu ta gasa mata da ruwan ɗumi da tsumma, ta shafa man zafi, abin ya lafa yini ɗaya ya dawo. Ta ce a je asibiti. Tanko ya ce a dakata tukuna ya duba.

Ya tsayar da 'yarsa a tsakar gida, ya kanne ido ɗaya, ya hango ta daga gefe yadda yake hangen katako kafin ya saya. Ya ga kai ya yi gaba, kafaɗu sun rufto. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ba ciwo ba ne, kantarewa ce, kuma babu likitan da ya fi shi sanin maganin abin da ya kantare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi, haka kuma tun yana ɗanye ake miƙar da shi.

Da tsawa ya fara. Ko ta ina ya gifta sai ya ce mata ta miƙe, har ya zama ita kanta Talatu in ta ji tarinsa a zaure sai ta gyara zama a gaban murhu. Kwana uku ba canji, sai ya koma ga abin da ya sani. Katakon da ya kantare, ɗaure shi ake yi a jikin miƙaƙƙe a ajiye har ya ɗauki hanya. Ya zaɓi falanki marar nauyi, ya goge shi sumul, ya naɗe da tsohon zanen Talatu, ya yayyanko robar tayar babur. Ya sa uwar ta ɗaura wa 'yar tun daga ƙeya har ya wuce kwankwaso da taƙi guda. Dokarsa ita ce ba a kwancewa sai lokacin salla da barci.

"Baba, anya zan iya karatu da wannan?" in ji Mukarrama.

"Ai da shi ne ma karatun zai shiga a miƙe."

Kwana shida ta yi da falankin nan a ƙarƙashin hijabi. Zama ya gagara, don haka a tsaye take karatu, littafi a ɗage saitin fuska kamar mai karanta sanarwa. Matan unguwa har suna yaba tafiyarta. Ciwon kuwa ƙaruwa yake, amma wa zai gaya wa Tanko aikinsa bai yi ba?

Rana ta bakwai ta faɗo ran kasuwa, sai ga Gwaggo Huseina daga Likoro. Ita ce yayar Tanko, ita ta goye shi, kuma duk duniya ita kaɗai yake shakka. Talatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Mukarrama ta fito gaisuwa, ta tsaya ƙiƙam kamar taɓarya, ta yi mata sannu da zuwa daga can sama. Gwaggo ta dube ta tun daga ƙafa har kai.

"Ikon Allah. Tun ba a shiga jami'ar ba gwiwa ta ƙage?"

Kunya ta rufe yarinyar. Ta manta da abin da ke bayanta, ta tafi ƙasa za ta durƙusa. Gindin falanki ya riga ta isa, ya daki ƙasa, kansa ya sulluɓo ta ƙeya ya ɗaga hijabin sama kamar an kafa rumfa. Roba ɗaya ta tsinke ta yi ƙara, kaji suka watse. Gwaggo ta saki kofin ruwa tana salati. Talatu ta juya baya kafaɗunta na rawa, don dariya ta ci ƙarfinta. Mukarrama kuwa ta zauna daɓas ta fashe da kukan da ta kwana shida tana haɗiyewa.

Da Gwaggo ta kwance ɗaurin ta ga shatar roba a jikin yarinyar, dariya ta ƙare a gidan. Aka kira Tanko daga shago. Ya durƙusa yana gaisuwa, ba ta amsa ba. Ta ce shekara biyu tana goyonsa, da ta san haka zai zama da ta ɗaure shi a turke tun lokacin. Ta ce garin neman gira zai rasa ido. Lokacin da ɓarin jikin maigidanta ya shanye, masu gashin ƙashi na asibiti ne suka tashe shi, ba kafinta ba. Gobe da safe za a tafi asibiti, kuma shi da hannunsa zai riƙe falankin.

Ma'aikaciyar da suka samu a sashen gashin ƙashi sunanta Paulina, 'yar kudancin Kaduna ce, Hausa a bakinta kamar a kanti ta sayo ta sabuwa. Ta lallatsa wuyan Mukarrama, ta juya mata kai hagu da dama, ta gwada ƙarfin yatsunta. Sannan ta karɓi falankin ta shafa, ta ce gaskiya an iya guga. Tanko ya soma kumbura. Sai ta ci gaba da cewa bayan mutum tsoka ce ke riƙe da shi, in aka ɗaure ta sai ta sandare ta daina aikinta. Cewa yaro ya gyara zama ba laifi ba ne, amma in ciwo ya kai yatsu, ya wuce a gyara shi da tsawa. Ta koya wa yarinyar motsin wuya da na kafaɗa, ta ce ta riƙa tashi duk rabin awa, ta kuma zo gashi sau biyu a mako. Daga nan ta ce ta nuna mata yadda take zama in tana karatu.

Mukarrama ta duba ɗakin, ta jawo wata 'yar kujerar tsuguno. Ta zauna, ta karkatar da gwiwoyinta gefe guda, ta dunƙule ta sunkuya har haɓarta na neman taɓa ƙirji. Paulina ta tambayi dalilin kai gwiwa gefe. Yarinyar ta ce ba sa shiga ƙarƙashin teburin karatunta na gida.

"Wane ne ya yi wannan teburin?"

"Ni na yi shi," in ji Tanko. "Ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa motsi ba."

"Yaushe kenan, Baba?"

Ya ɗaga kai yana tunani. Ya ce shekarar da ta shiga aji huɗu na firamare ne. Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Gwaggo ta ja gyale ta rufe baki.

Da suka koma gida bai wuce shago ba. Ya shiga ɗakin yarinyar ya tsaya a gaban teburin. Kullum yana ganinsa, amma ingancinsa kawai yake gani. Ga sunanta nan da ya sassaƙa a gefe, tsayinsa kuwa da kaɗan ya wuce gwiwarsa. Ya tambaye ta abin da ya hana ta magana duk shekarun nan.

"Kai ka yi min shi, Baba."

Ya zaro tef daga aljihu ya ce ta tsaya jikin bango. Sai da ya yi ɗage kafin hannunsa ya kai tsakar kanta. Nan ya gane autarsa ta kere masa tsawo, bai san ranar da hakan ta faru ba, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya rufe shago kwana uku. Akwai katakon maɗaci da ya shekara goma yana ɓoyo, ko masu kuɗi sun tambaya ya ce ba na sayarwa ba ne, shi ya fasa. Ya auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, daga kujera zuwa gwiwar hannunta, yadda Paulina ta rubuta masa a takarda, bai yi musu ba ko sau ɗaya. Mako biyu da 'yan kwanaki ta samu tana karatu a kan sabon tebur. Shi kuma ya bar cewa ta miƙe, ya koma leƙowa duk rabin awa yana cewa ta tashi ta motsa, har Talatu ta ce an dai canza wa tsawar riga ne.

Ciwon bai tafi duka ba, amma ya bar ta ta zauna awa biyunta a Zariya ta gama. Da sakamako ya shigo wayarta, maki ɗari biyu da sittin da takwas ta samu. Tanko ya sa aka karanta masa sau uku, sannan ya shiga shago ya jima yana share idonsa, yana cewa garin katako ne ya faɗa masa. Bayan an gama yankan dawa takardar shiga jami'a ta fito, ya ɗaure mata akwati a bayan mota, ta tafi.

Sabon teburin yana nan a ɗakinta. Yanzu a kansa Tanko yake cin tuwon rana. Da yake shi gajere ne ga ranƙwafa, in ya zauna teburin har ƙirjinsa yake kaiwa, sai ya ɗaga hannu sama kafin ya kai ga kwano, miya na bin gwiwar hannunsa. Rannan Talatu ta gaji da gani, ta ce tunda zarto na gida ne, ya rage ƙafafun da inci huɗu mana ya huta.

"Ba nawa ba ne," in ji shi. "Mai shi za ta zo hutu."

Ya gyara zama a bakin kujerar, ya ci gaba da cin tuwonsa.