Takobin Aro a Hannun Gimba

Duk wanda ya san layin albasa a Kasuwar Relief ta Onitsha ya san Gimba mai tura baro. Daga ƙasar Yawuri ya zo tare da amininsa Isah, ɗaki ɗaya suka kama, baro ɗaya suka fara turawa. Ni nake sayar musu da shinkafa da wake, don haka ba ji-ta-ji-ta nake ba ku ba.

Isah ne ya koya masa wani wasan waya da mutane daga ko'ina suke haɗuwa a ciki su yaƙi dodanni. Ƙarti da gemu wai suna farautar dodo! Na sha yi musu tsiya, su kuwa ko a jikinsu.

Da Isah zai kama hanyar Libiya, ya ba Gimba aron takobinsa na cikin wasan, ya ce, "Riƙe mini. In na isa na yi waya zan karɓa." Ba a jima ba takobin ya karye a hannun Gimba. Isah kuwa shiru, babu shi a wasa, babu shi a waya. Mutanen gida ma mu suke tambaya.

To, a wasan akwai maƙeri mai gyara, amma ba ya yi maka alkawari. Ya nuna wa Gimba cewa sa'ar gyaran talatin ce cikin ɗari, in kuma aka yi rashin sa'a takobin ya narke har abada. Wani ɗan okada abokin wasansu ya ce, "Aboki, press am, na game!" Wato ya danna kawai, ai wasa ne.

Gimba ya ce, "Amana ce. Ba a mayar wa mutum kayan aro a karye, ba a kuma caca da shi."

Sai ya shiga tara wasu duwatsu da ake tsinta a wasan, masu ƙara sa'a. Ya sauke buhu, ya jingina da baro, ya tsinci dutse. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, sa'a ta haura hamsin, ta haura saba'in. Wallahi har ni na fara ƙosawa, don ni ma ina kewar Isah da surutunsa.

Ran nan yana cin abinci na leƙa wayar. Casa'in da tara!

Na ce, "Kai Gimba, kana da lafiya kuwa? Danna mana! Sai maƙerin ya zo ya roƙe ka?"

Ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallon takobin.

"Inna," ya ce, "tun tuni ya kai haka. Kullum ina ce wa kaina ni ne ban gama shiri ba, shi ya sa Isah bai zo karɓa ba. In na gyara, bai zo ba fa?"

Aka ƙwala masa kira daga bakin mota, ya cusa wayar a aljihu, ya ja baronsa.