Zaren Awon Ƙafa

Da safe Moutari ya bugo mini talho daga Maradi, ya ce aminiyata Raliatou ta rasu. Na kasa zama a ɗaki. Sai ga ni a babban kantin takalman nan na Paris da na yi niyyar zuwa dominta, yau da ake rangwame.

Ga wata Hajiya can, doguwa, ta ɗora rigar sanyi bisa leshi, lallen hannunta ya fara koɗewa. Tana zaro zarurruka daga jaka, kowane da ƙullinsa, awon ƙafar mutanen gida. Tana shimfiɗa zare a tafin takalmi tana motsa baki, wataƙila sunan mai ƙafar take kira. Baturiyar kantin ta karɓe takalmin da yatsu biyu, tana gogewa.

"Goge da kyau, Madam," in ji Hajiyar da Hausa, "mai ƙafar ta fi ki tsabta."

Ita Hajiya, masu ƙafafun zarurrukanta duk suna jiranta. Nawa zaren, awon ƙafar Raliatou, yana cikin jakata.

Ranar da zan taso, Raliatou ta ce, "Takalmi mai tsini, Hassia, in fi ki tsawo ko sau ɗaya."

Na ce, "Ke dai ki jira ni."