Yadda Na Mayar Da 'Yata Likitar Unguwa

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A shekarun da abin nan ya faru ni matar gida ce a Rijiyar Lemo, cikin Fagge, irin matan da ba sa fita sai biki ko gaisuwar mutuwa. Firamare na yi, ita ma ban ƙarasa ba, sai dai ina iya haɗa baƙi in rubuta abin da ke raina. Da safe ina ɗanwake, da yamma ina suyar awara, shi ya sa tsakar gidana ba ya rabo da mata. Ina son mutane, ina son hira, kuma Allah ya yi ni da kunne, in ana magana a bayan katanga ina gane wadda ta fara da wadda ta ƙara gishiri. Maigidana jiran shago yake a kasuwar atamfa, mutum ne marar magana, in ya fita da safe sai magariba. Babbar 'yarmu kuwa halinsa ta ɗauko, ba ta iya haɗa ido da babba, duk abin da aka ce mata sai ta ce to.

Tun tana ƙarama take cewa aikin asibiti za ta yi, da ta gama sakandare kuma Allah ya sa ta samu makarantar koyon aikin jinya. Ranar da ta fara sa fararen kaya, kafin ta kai bakin titi ta hau adaidaita, an riga an raɗa mata Likita, ni kuma Maman Likita. Na san ba likita za ta zama ba, ta gaya mini nas ce, amma ban gyara wa kowa ba. Sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. In na je biki sai a ce a matsa wa Maman Likita ta zauna a kan kujera, matar da da a bakin murhu ake ajiye ni. Har wani abu na tsira: fararen kayanta ko sun bushe ba na kwashewa, sai in mayar da su igiyar da ke daidai ƙofar zaure, don duk wadda ta shigo sayen awara ta sunkuya ta ƙarƙashinsu kafin ta iso gare ni.

Ba a yi nisa da karatun ba aka fara kai su ɗakin marasa lafiya su ga aiki, daga nan yarinya ta canza. In ta dawo ina jin ta a bayi tana kakarin amai a hankali don kar a ji. Ina jin ta tana dirzar hannu da omo har fatar ta fara tsagewa. Ta daina cin nama, miyar kuɓewa kuwa ko a kwanon wani ta ga yauƙinta sai ta tashi ta bar wurin. Wata rana ina tsame awara ta zauna kusa da ni ta ce Umma tana so ta faɗa mini wata magana. Ta ce karatun ba ya ba ta wuya, tana ci, amma jikin marar lafiya ne ba ta iya taɓawa sai da ƙyama, kuma tana jin kunyar Allah ta ga mutum yana cikin ciwo ita tana kau da kai. Ta ce akwai ƙawarta 'yar ajinsu, Inyamura ce a Sabon Gari, gidansu take zuwa bita, a jikin gidan akwai wata ƙaramar makarantar yara, kuma in ta shiga ta taya su karatu nan ne kaɗai take jin numfashinta ya dawo. Tana so in shekara ta ƙare ta koma kwalejin horar da malamai. Ban bari ta rufe baki ba. Na ce daga likita zuwa malamar 'yan majina, da wane ido zan kalli matan layin nan? Na ce ƙyama ai kowa da ita ya fara, in ta ga jini da yawa za ta saba, kuma kar in ji ta kai wa babanta wannan shirmen.

To a nan na yi dabarar da ta fi komai muni. Na ce tunda sabo ne maganin abin, bari in samo mata aikin yi a gida. Kun san halinmu a unguwa, duk wanda aka gani da farin kaya an gama, ba a tambayar ajinsa nawa. Na ajiye benci a zaure. Mata suka fara zuwa, wannan ta sayo allura a kemis a yi mata, waccan ɗanta ya ƙone da ruwan zafi, wata kuma takardar asibiti ta kawo a fassara mata. Yarinyar ta ce Umma ba a koya musu allura ba tukuna, gyaran gado da awon jini da zafin jiki kawai suka iya, in makaranta ta ji za a iya korarta. Na ce makaranta a Rijiyar Lemo take? Allurar dai ta ƙi, ta tsaya a kan awon jini da wankin ƙananan raunuka, matan suka riƙa yi mata tsiya wai Likita rowar hannu gare ta, ko sai an yanki kati? Ba na karɓar komai a hannunsu, yabon ya ishe ni. Ina daga bakin kasko ina jin ana sa mini albarka, ita kuma tana zaure tana haɗiye yawu.

Akwai wata dattijuwa a layinmu mai sayar da daddawa, kowa Inna yake ce mata. Ita ta yi mini wankan jego na haihuwar wannan yarinyar, kuma da ita suke wasan jika da kaka, tana ce mata kishiya. Inna tana da ciwon suga. Ta taka garwashi ba ta ji ba, tafin ƙafarta ya tashi ya fashe. Ɗanta ya ce zai kai ta asibiti, ni da bakina na ce masa me zai kai tsohuwa bin layi tun asuba alhali ga likita a gida. Da 'yata ta buɗe ƙafar ta duba, ta ja ni ɗaki ta ce wannan ba nata ba ne, an gaya musu ƙafar mai suga ba a wasa da ita, a kai ta asibiti yau. Na ce so take ta kunyata ni bayan na riga na yi magana. Ta sake cewa Umma ki yi haƙuri. Sai na ɗauko abin da uwa take ɗaukowa in ta rasa hujja, na ce in ba ta wanke ƙafar nan ba ban yafe mata ba. Ta ɗebo ruwan gishiri da auduga. Kullum in ta dawo makaranta sai ta durƙusa ta wanke ta naɗe da bandeji, Inna tana tsokanarta wai kishiya ta samu dama tana ramawa. In ta tafi makaranta kuma matan layi su kwance bandejin su yi nasu, wannan ta farke kafso ta barbaɗa, waccan ta shafa man shanu, ina gani ban hana ba.

Warin ne ya fara gaya mana gaskiya. Ya kai in Inna ta zauna a zaure masu sayen awara sai su tsaya a waje su miƙo kwano, ni kuma in kunna turaren wuta in ce kwata ce ta toshe. Ƙudaje suka riƙa bin bandejin. Kullum yarinyar sai ta ce a kai ta asibiti, kullum in ce a ƙara kwana biyu. Ran nan da la'asar ta warware bandejin, ya manne, ta jiƙa ta ja a hankali. Edita, ka gafarce ni da abin da zan rubuta. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi, mugunya tana bin dunduniya, kuma a cikin ramin ciwon abu ne fari yake motsi. Tsutsa ce. Ni da nake cewa kowa da ƙyama ya fara, ni na fara juyawa na yi amai a gindin murhu, kusa da kaskon da nake ciyar da mutane. Ita kuwa ba ta gudu ba. Ta rufe ƙafar da tsumma mai tsabta, ta ɗauki waya ta kira mahaifiyar ƙawarta ta Sabon Gari, wadda tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ba ta ko kalle ni ba balle ta nemi izini.

Matar ta iso a adaidaita da zanin gida a jikinta. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tawa. Ta ɗaga tsumman ta mayar, ta tambayi wa ya ce a riƙe wannan a gida. Zauren ya cika da mata. Ta dubi bencin, ta dubi fararen kayan da ke kan igiya, sannan ta dube ni ta ce Hajiya, ashe ke ce babbar likitan. Ta ce ita da ta yi furfura a aikin nan ba za ta taɓa wannan ƙafar a zaure ba, ni na sa yarinyar da ba ta gama koyon shimfiɗa gado ba. Ta ce yarinyar nan a gidanta take kuka, ta ɗauka uwa ce ba ta da ita. Ita da ɗan Inna suka ɗauki tsohuwar zuwa asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da aka yanke rabin tafin ƙafar.

Abin da ya biyo baya shi ya sa har yau hirar tsakar gida ta fita daga raina. Bakunan da suka raɗa mata Likita su ne suka koma ce mata mahauciya. Ina ji ta katanga, wadda ta barbaɗa kafso da hannunta ita ke cewa dama ta ga yarinyar ba ta da imani, wai toshe hanci take in tana wanki. Wata ta ce ai boko ne ya sa ta gwaji da ƙafar tsohuwa. Ba wadda ta ambaci sunana, har zuwa suke yi suna yi mini jaje wai 'ya ta ja mini abin kunya. Ni kuma in karɓi jajen in ce Allah ya kyauta. Na fi jin ƙyamar wannan amsar tawa a kan abin da na gani a cikin bandeji.

Bayan an sallamo Inna, yarinyar ta sami babanta yana cin tuwo, ta zauna a gabansa ta ɗaga kai ta faɗa masa komai, har da ban yafe ba ɗin da na yi mata, ina zaune. Ta ce za ta zauna jarrabawar ƙarshen shekara don kar a ce korarta aka yi, daga nan ta bar aikin jinya, koyarwa za ta karanta. Ba ta tambaye shi ko ya yarda ba, ba ta yi kuka ba. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ya wanke hannu bai gama cin tuwon ba, ya ce Allah ya yi mata albarka, ni kuma ya ce in fitar masa da bencin nan daga zaure. Ta zauna jarrabawar ta ci, ta ajiye karatun jinya, shekarar da ta biyo ta shiga kwalejin malamai. Yanzu yara take koyarwa, ta yi ƙiba, tana cin nama. Tana gaishe ni da ladabi, tana yi mini duk abin da 'ya take yi wa uwa, amma in wani abu ya dame ta babanta take kira.

Na daɗe kafin na iya zuwa na durƙusa a gaban Inna, a gaban surukarta da masu sayen daddawa, na ce ni ce na hana a kai ta asibiti, yarinyar tun ranar farko ta ce a kai ta. Inna ta ce ta sani, ai ƙafa ce ta lalace ba kunne ba, tana jin mu a ɗaki ran nan. Ta ce ta yi shiru ne don kar ta raba uwa da 'ya, kuma ta yafe. Na dawo gida ina jin da ma zagina ta yi.

Abin da na koya shi ne shekarar farko a makaranta ta gane kai ce, yaro yana shiga da buri ya tarar da abin ba haka yake ba, kuma in ya dawo ya ce ba zai iya ba, sau da yawa ba lalaci ba ne, ya ga abin da ke ba ki gani ba. Iyaye mata 'yan uwana, ku saurari 'ya'yanku tun suna faɗa muku a hankali. Kar ku ɗora wa ɗalibi aikin da bai koya ba don a yabe ku, marar lafiya kuma asibiti ake kai shi. Kalmar ban yafe ba ku bar ta inda take, kar ku zare ta don kare fuskarku a wurin maƙwabta. Ni na zare ta, tawa fuskar ba abin da ya same ta, amma kullum da hantsi ina jin ƙarar sandar Inna a bakin ƙofata, tana wucewa a hankali, tana ɗaga murya tana tambayar yaya kishiyarta da 'yan makaranta.