Malamin da Ke Tsere da Janareto

Na shigo shagon buga takardu a bakin tashar Rano, sai ga wani malami a kusurwa, siriri, hularsa jiƙe da gumi, hannun rigarsa fari fat da alli. Ɗalibai sun kewaye shi, mata a dama, maza a hagu, duk idonsu na kan kwamfuta guda. Mai shagon ya ce min 'yan ajin kasuwanci ne, gobe jarrabawarsu, makarantarsu kuwa ba wuta.

Janareto na ta tari a waje. Duk sanda ya sarƙe sai kafaɗar malamin ta ɗaga, amma ba ya waiwayawa.

"Hafsa nawa ce a nan?" in ji shi. Mutum uku suka ɗaga hannu.

"To, kun gani. Mu mun san Hafsa 'yar garin Fassi, mun san ta garin Lausu. Na'ura ba ta san gidan kowa ba. In kuna tsara rumbun bayanan masu sayayya, kowa ku ba shi lambarsa, kada kayan wata su tafi gidan wata."

Yana magana yana danna maɓallin adanawa kamar mai jan carbi. Ina jin ya taɓa rasa aikin zangon karatu guda a irin wannan rana.

"Malam, mai fa ya kusa ƙarewa," in ji mai shagon.

"Ikilima, zauna ki gwada," in ji malamin. "Ke kaɗai ce ba ki taɓa ba."

Tana ɗora yatsunta, janareto ya tsaya, kwamfutar ta mutu. Malamin ya durƙusa, ya zana maɓallan kwamfutar da alli a kan siminti.

"Matso," in ji shi. "Layinki ne har yanzu."