Kande Ba Ta Roƙo

Duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli mai daɗi a Sandamu ya san Kande. Kurma ce tun haihuwa, ta haura hamsin, kuma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu don ya ba ta ba. Da suyar ƙuli da matsar man gyaɗa ta raini 'ya'ya uku. Ga ta da zafin rai, in ta harare ka ba ka buƙatar tafinta.

Daminar bara waccan aka sanar a rediyo cewa ruwa mai ƙarfi na tafe. Kowa ya kimtsa kayansa, babu wanda ya tuna ya gaya wa Kande. Ruwa ya ci ɗakinta da gyaɗarta.

Shi ya sa da ƙungiyar naƙasassu ta Daura za ta tura Malam Saminu taron duniya kan sauyin yanayi, aka zo aka ɗauki Kande a bidiyo. Ta yi bayani da hannu, tana ɗaga tafin hannunta a buɗe. Shi kuwa tafintan da aka ɗauko, maganar hannu ta makaranta ya koya, bai san ta gida ba. Sai ya rubuta da Turanci a ƙasan hoton: tana roƙon taimako.

Ana jibi zai tashi, Saminu ya turo kekensa na guragu har ƙofar gidan su Kande ya nuna musu bidiyon. Haulatu, ƙanwar Kande, ta ce ya fassara rubutun. Da ta ji, sai ta ce:

"Malam, ai wannan ba roƙo ba ne. Haka Yaya take cewa ruwan sama, kamar mai tarar yayyafi. Cewa ta yi in ruwa na tafe, a tako a gaya wa wanda ba ya jin rediyo."

Da aka fahimtar da Kande, ta miƙe ido jajur. Wato a gaban duniya za a mai da ita mabaraciya?

Saminu ya kira tafintan a waya, nan take aka gyara. Kande ba ta yarda ba sai da Haulatu ta mayar mata da sabon rubutun da hannu har sau biyu. Sannan ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna, har da 'yar dariya.

Amma ba ta sallami Saminu ba. Ta nuna masa alamar bara, ta nuna masa ta ruwa, ta sa shi maimaitawa har ya daina haɗa su.